Jinkar Ɗakin Inna

Mahaifina a ƙasa yake gama jinka. Na ga garuruwan da ake ɗora tsaiko, wato ƙashin jinka na sanduna, tsirara a kan bango, sannan mai baibaya ya hau da ciyawa yana rufewa, amma mu ba haka muka gada ba. Baba zai share fili kusa da ɗakin, ya auna faɗin bango da igiya, ya kafa sanduna ya haɗe kawunansu, ya bi su da tanka zagaye bayan zagaye. Daga nan ya ɗauko shucin da ya yanta, wato ciyawar da ya jera ya ɗaure da igiya, ya yi ta naɗawa tun daga gindi har ƙololuwa. In ya gama sai ka ga ɗaki sukutum zaune a ƙasa, bango kaɗai ya rasa. Abin da ya rage kuma ba aikin gwani ba ne, na gari ne: maza su taru su ɗaga ta su aza a kan bango.

Ba a sa ranar ɗaukar jinka sai ƴan cin rani sun dawo, kuma dole a yi ta kafin ruwan farko, don da zarar ƙasa ta jiƙa ko wa ya kira ka gona za ka nufa. Tsakanin dawowarsu da saukar ruwa ƴan kwanaki ne, a cikinsu ake aza duk jinkar da Baba ya yi rani yana ɗaurawa. Matan gidan su dama fura a manyan ƙwarya, maza su kewaye jinkar kafaɗa da kafaɗa, wasu su shiga cikin bangon da gofa, wato dogayen sanduna masu baki biyu, don su tarbe ta. Baba ba ya sa hannu. Yana tsayawa can baya inda zai ga ko'ina, ya ce bismillah, a ɗaga. Ya ce gabas ta yi ƙasa, a gyara. Ya ce a sauke, a sauke. Ranar ko bulama, mai garinmu, abin da Baba ya faɗa shi yake yi, kuma ina yaro ban san akwai wanda ya fi shi iko ba.

Garin namu yana cikin wani kwari ne in an wuce Gafati. Kakanninmu da suka kafa shi ba su tambayi ina kasuwa take ba, balle likita. Tafki suka gani mai riƙe ruwa har tsakiyar rani, da fadama cike da shuci da gamba, suka ce nan ya yi. Da na yi wayo na tarar maza suna tafiya cin rani, amma tafiya ce mai dawowa. Ana kai gero rumbu sai su kama hanyar Damagaram ko Kano, wannan ga-ruwa, wancan dako, wani wankin kaya. Aiki ne da ba ya riƙe mutum. Ranar da ka ga gabas ta fara haɗa rai, ka ajiye garwa ka ce wa masu unguwa sai baɗi. Su dawo da turmin atamfa da rediyo da ƙarairayin birni waɗanda za mu yi damina muna saurare.

Sai aka zo aka yi kwalta. Wanda ya zana hanyar bai san da mu ba, ko kuwa ya sani bai ga dalilin lanƙwasa ta ba. Ta bi kan tudu ta bar mu a kwari, da tafiyar da in ka fito da hantsi sai rana ta fara cizo za ka isa. Kawuna, ƙanen Inna, shi ya fara kafa rumfa a bakinta yana sayar wa direbobi shayi. Daga shayi ya koma man mota a kwalba, daga nan injin niƙa, daga nan ɗaki na bulo da kwano. Wasu suka bi shi. Ba wanda ya yi shelar an tashi kasuwarmu, ita ta tashi da kanta, rumfa bayan rumfa. Aka yi musu famfo, aka gina musu lakwal, wato makarantar boko. Wurin har yau ba shi da suna na kirki, Bakin Kwalta muke ce masa, amma a can ake haihuwa yanzu.

Aikin ma ya sake hali. Wanda ya sami gadin gidan wani ana biyansa wata-wata ba zai ce wa maigidan ya tsare ƙofarsa da kansa har kaka ba. Wanda aka ba moto, wato babur, yana kabu-kabu ya san in ya ajiye ta yau, gobe wani ne a kai. Masu zuciya suka wuce Agadas, suka wuce haƙar zinariya, suka wuce Libiya, inda hadarin garinmu ba ya kai labari. Ni ma ina cikin lissafin, ba sai an nuna ni da baki ba. Na yi lakwal, na zama mushe, kamar yadda muke ce wa malamin boko, ina koyar da yara a Damagaram, kuma hutunmu ba ya zuwa sai ruwa ya riga ya sauka. Ƙanena yana Libiya yana aikin gini. Ƴan'uwana mata duk an kai su Bakin Kwalta ko birni. Gidanmu ya rage daga Baba sai Inna sai awaki.

A shekarar da nake magana, gara ta cinye jinkar ɗakin Inna. Ta daɗe tana ci ba a sani ba, sai bayan kaka aka ga ƙololuwa ta kwanta gefe. Sauke tsohuwar jinka ba ya neman jama'a. Baba ya ɗaura mata igiya ya sa jaki ya ja, ta zube. Ɗakin ya tsaya da baki buɗe yana kallon sama. Inna ta ƙi tarewa a ɗakin Baba, ta ce da girmanta da jikokinta ba za ta kwashi kwanuka ta shiga turakar namiji ba. Ya yi mata rumfar zana a jikin danga, ta zauna a nan, wai kafin damina.

Kago ne kamar kowane, sai dai ya fi na kowa faɗi a garin, don Baba ya gina shi da hannunsa lokacin yana ji da ƙarfi yana son a gani. A ciki ta haife mu duka. Gadon ƙasan da ke ciki ita ta yaɓe shi, daɓen ita ta buga shi da makuba har yana sheƙi. Akwai gurbin tulunta, akwai inda bango ya yi santsi saboda jinginar bayanta. Da na zo na same ta a rumfar zana na tambaye ta ko ba ta son komawa wajen Kawu, inda famfo yake a ƙofar gida, sai ta dube ni kamar na yi mata rashin kunya.

"Ni ɗakina nake so," ta ce.

Na kawo wa Baba shawarar kwano. Ya tambaye ni ko a lakwal ɗin namu an koya mana yadda ake naɗe kwano ya zama zagaye. Gaskiyarsa, kago ba ya karɓar kwano, sai a rushe a yi mai kusurwa huɗu, wato dai ɗakin Inna ya tafi. Na ce to ya yi tsaiko mara nauyi, mu kaɗan mu ɗora, a yi baibaya a sama kamar yadda ake yi a wasu wurare. Ya nuna mini gwiwarsa da ta kumbura, ya ce wa zai hau. A duk garin babu sauran wanda ya iya naɗa shuci in ba shi ba, waɗanda ya koya wa suna can suna gauraya siminti. Na lura kuma ko da ƙafar lafiya take ba zai yi ba. A ganinsa jinkar da aka rufe a sama aikin masu gaggawa ce.

Ya yi rani cur yana neman ciyawa. Fadamar da kakanninmu suka zauna dominta an nome ta kaf, abin da ya rage shanu sun kwashe. Yana fita da jaki da sassafe, ya dawo da yamma da ɗan abin da a dā yaro ke yankowa a bayan gari. Dami kan dami ya tara, ya zauna a inuwar zaure yana yanta. Duk zuwan da na yi sai na ga jinkar ta ƙara kauri. Ya yi mata shimfiɗa kan shimfiɗa, ya ɗaure da igiyar kaba da ya tufka da kansa, ya yi wa ƙololuwa ɗauri irin wanda rabon da in gani tun ina ƙarami. Ban taɓa ganin ya yi mai kyaunta ba. Raina ya ɓaci da kyan nata, don kowace shimfiɗa nauyi ce, shi kuwa yana aiki kamar garin na nan yadda ya san shi. Na faɗa masa. Ya ce ni mushe ne, in tsaya a kan allona. Mutane za su dawo, ai damina ce.

Da zafi ya kai matuƙa, sama ta fara sauya launi, ya sa rana. Ya zaɓi ranar da ba ni da aji, kuma ba ranar kasuwar Bakin Kwalta ba, don kada wani ya sami abin fakewa. Ya aika gida-gida a can, ni kuma na zauna da salula ina bin na nesa. Ɗan baffana mai kabu-kabu ya ce moton ba tasa ba ce, in ya rasa yini ɗaya mai ita zai karɓe. Wani mai gadi ya ce maigidansa ya yi tafiya. Ƙanena ya ce zai aiko da abin da za a ɗauko ƙarti daga Damagaram su ɗaga, magana ta ƙare. Na ga kamar dabara ce, na kai wa Baba. Ya ce wanda ya biya aka ɗaga masa jinka ya shaida wa duniya ke nan ba shi da kowa. Mutanen Bakin Kwalta kuwa duk sun amsa da in Allah ya yarda, har da Kawu, wanda ya aiko da saƙon tsokana, wai a gaya wa sarkin ciyawa ya tanadi fura mai kauri. Wasan ƙanen mata da mijin ya ne a tsakaninsu tun ban san kaina ba.

Inna ta yi kwana tana daka. Ta aro nono, ta aro ƙwarya, ta dama furar da za ta ƙosar da gari. Muka zauna a ƙofar gida tun hantsi muna kallon hanyar tudu. Waɗanda suka zo su ne waɗanda dama ba sa zuwa ko'ina: bulama da tarinsa, liman, maƙwabcinmu mai ido ɗaya, wani Bafillace da ke sauke a bayan gari wanda ba ma a gayyace shi ba, sai tsofaffi biyu ko uku da sandunansu. Ni ne matashin taron, ni da na fara furfura. Rana ta take, inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, tudu dai shiru.

Bayan azahar Baba ya ce mu gwada. A karo na farko a sanina ya bar tsayuwarsa ta nesa ya zo ya sa kafaɗa. Muka kewaye jinkar, tsakanin kowane mutum da na kusa da shi akwai filin da jaki zai wuce. Ya ce bismillah daga inda yake durƙushe. Ta tashi zuwa gwiwa, ta tsaya, muka ji ta kamar an ɗaure ta da ƙasa. Liman ya fara nishi, muka sauke.

Matan garin suna tsaye a jikin danga suna kallo, kuma sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Mace ba ta ɗaukar jinka a wurinmu, ba don an rubuta a wani wuri ba, sai don ba a taɓa rasa maza ba. Matar bulama ce ta fara ɗaure zanenta ta matso, saura suka biyo ta. Na dubi Baba ina jiran ya hana. Ya kawar da kai, suka shiga tsakaninmu. Wannan karon ta tashi har ƙirji, muka taka da ita zuwa jikin bango, har zuciyata ta fara cewa za a yi. Amma aza jinka ba ƙarfi kaɗai yake so ba, yana son tsawo, yana son masu gofa a ciki da za su karɓe ta in ta haye, yana kuma son mutum ɗaya a waje da zai ga inda ta karkata. Ba mu da ko ɗaya. Ta rinjaya yamma ba wanda ya gani, gefenta ya daki kan bango ya ɓantare wani babban yanki, mai ido ɗaya ya faɗi zaune. Da ƙyar muka ja da baya muka dire ta ba ta danne kowa ba.

Inna ta raba furar gida-gida a ƙananan ƙwarya, ta ba Bafillacen nan mai yawa, duk da haka ta yi saura.

Ban koma Damagaram kai tsaye ba. Na hau moto na nufi Bakin Kwalta da zuciya a wuya. Na tarar da matasa cike da wurin, ba abin da suke yi. Wasu na kwance a kan benci, wasu sun kewaye mai cajin salula, wasu na kallon ƙwallo a wani ɗaki. Ƴaƴan mutanen da Baba ya rufa wa ɗaki ne, na san uban kowa. Kawu yana zaune a gaban injinsa. Tun kafin in kashe moto na fara faɗa masa abin da ke bakina, ban ma gaishe shi ba.

"Mushe, zauna ka bar huci," ya ce. "Kada ka zagi yaran nan. Ni na ce kada su je."

Na tsaya ina kallonsa. Ya ce in zauna, na ƙi. Sai ya tambaye ni, jinkar babana shekara nawa take yi kafin ta mutu. Na san amsar, tana daɗewa. Ya ce to duk tsawon shekarun nan yayarsa ce za ta yi ta jan guga a rijiyar da kullum ƙara zurfi take yi, ita ce za ta yi ta daka da hannu alhali ga injin ƙanenta, kuma ranar da ciwo ya kama ta a damina sai an ɗauko ta a amalanke cikin taɓo, in ma akwai mai ɗaukowa.

"Kai da kake zuwa kana tafiya, ka taɓa buɗe tafin hannunta ka duba? In aka aza jinkar nan, Innarka ce za ta biya, ba babanka ba."

Na ce masa ita da bakinta ta ce ɗakinta take so. Ya ce ya sani, shi ma yana son ɗakin uwarsu, in je in nuna masa inda yake in zan iya ganewa. Ya ƙara da cewa kada in ɗauka shi ya ci riba. Ƴaƴansa maza biyu suna Agadas, kwaltar da ta kawo masa ciniki ita ta ɗauke su, kuma waɗannan da nake gani a kan benci kuɗin mota kawai suke jira. Na juya ban sha shayinsa ba. Har yau ina jin haushin abin da ya yi, har yau kuma ban sami inda ya yi ƙarya ba.

Na sake yi wa Baba maganar ƙarti. Wannan karon bai yi mini faɗa ba, ya ce dai a ɗan jira, akwai waɗanda suka ce suna hanya. Ruwa bai jira ba. Ina cikin aji da rana na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, yara suna murna, ni kuwa alli ya tsaya mini a hannu. Aka yi ruwan shuka a wannan yammacin. Ƴan kaɗan ɗin da suka dawo ba su ma shigo gari ba. A Bakin Kwalta suka sauka, su zo gona a kan moto da safe, su yi shuka, su juya kafin magariba. Baba ya rufe kan bangon da tsofaffin zana da buhuna, ya danne da duwatsu. Ya cike wurin da ya ɓantare da sabon yaɓe, amma yaɓen damina ba ya bushewa, kuma bangon da ya sha ruwa ko an sami mutane ba a aza masa nauyi.

Da aka ba mu hutu na dawo na zauna. Rumfar Inna tana yoyo ta ko'ina, dole ta shiga ɗakin Baba da kwana, tana yi tana sunkuyar da kai kamar baƙuwa. Kayanta kuwa, kwanuka da tabarmi da buhun gero, ta tura su ƙarƙashin jinkar da ke zaune a ƙasa, don a duk gidan nan ne kaɗai ɗigon ruwa ba ya shiga. Kaji ma sun gane haka. Baba yana zagaya ta kowace safiya, yana duba gindinta saboda gara, yana sa duwatsu a ƙarƙashi.

Bangon ya faɗi ne da la'asar, ana tsakiyar wani ruwa mai iska. Muna zaure mu uku. Ba ƙara mai yawa ya yi ba, wani irin nishi ne, sannan tim. Da ruwa ya tsagaita muka fita. Ya tsage daga inda ya ɓantare har ƙasa, rabin ya kwanta ciki a kan gadon ƙasa, ɗaya rabin yana tsaye yana jiran nasa lokacin. Ruwa ya taru a kan daɓen ya yi ja. Inna ta tsaya a inda ƙofa take a dā, ta daɗe. Ba ta yi kuka ba, ni ne ma na ji idona yana zafi. Baba ya fara cewa in rani ya yi za a buga sabon tubali, a tayar da bango, jinka ai tana nan. Ta juyo ta dube shi.

"Malam, wa zai ɗaga?" ta ce. "Ni na gaji."

A iya sanina ba ta taɓa faɗa masa wannan kalmar ba. Washegari ya ce in je in gaya wa Kawu ya nema musu wuri.

Kawu bai ɓata lokaci ba, kamar dama ɗakin a share yake. Aka sa rana bayan noman fari. Kwanakin da suka rage Baba ya yi su yana zagaya gidajen da suka saura yana sallama, suna yi masa Allah ya sa alheri da muryar da ake yin ta'aziyya. Kowa ya san abin da tashinsa yake nufi. Jinkar kowane gida a garin tana da ranarta, kuma daga yau in ta mutu ta mutu. Bulama ya ce masa ya riƙe musu wuri kusa da shi.

Ranar da safe muna ɗaure kaya na ji hayaniya daga tudu. Na leƙa na ga amalanke biyu, a bayansu kuma mutane, maza, matasa, suna gangarowa cikin gonaki suna raha. Kawu yana gaba. Ya ce mini aiki irin wannan ba a bar wa gara, jinkar ma da ita za a tafi. Suka cika ƙofar gida har suna taka juna, yawan da rabon garin da ya gani tun ina lakwal. Da a ce rabinsu sun zo waccan ranar, da hannu ɗaya-ɗaya za su aza ta.

Baba ya fito daga zaure da butarsa a hannu. Ya tsaya. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana gane ɗan wane da jikan wane. Rahar ta mutu. Wasu suka durƙusa suna gaishe shi, bai amsa ba.

"Ashe kuna nan," ya ce.

Ba wanda ya ɗago kai. Kawu, da bai taɓa ganin Baba ya ƙyale shi ba tsokana ba, ya shiga gyara igiyar amalanke da ba ta kwance ba.

Aka fitar da kayan Inna daga ƙarƙashin jinkar, aka kwantar da danga don a sami hanya. Suka kewaye ta kafaɗa da kafaɗa, babu ko tazarar da kaza za ta bi, suka durƙusa, suka yi shiru suna jira. Sun san dai wani ne ke faɗin bismillah, kuma sun san ko wane ne. Baba yana tsaye yana kallon rabin bangon da ya rage. Da shirun ya yi yawa Kawu ya faɗa da kansa. Ta tashi sama lokaci ɗaya, cak, kamar faifai.

Haka muka bar garin. Jinka a gaba tana tafiya a kan ƙafafu masu yawa, tana ratsa geron da ya kai gwiwa, amalanke a baya da Inna a kai ta rufe fuska da mayafi. Na ce wa Baba ya hau saboda gwiwarsa, ya ƙi. Ya bi bayan jinkar da sandarsa, ba kusa ba, ba nesa ba, yadda ake bin makara. Sau ɗaya na ga gefen arewa ya yi ƙasa, na ga leɓensa ya motsa, amma bai ce komai ba, su da kansu suka gyara. Matan garin suka raka mu har bakin tafki suka tsaya.

Rana ta yi tsaka muka hau tudu. Sai da aka jira wata babbar mota ta wuce kafin a tsallaka da ita, direban yana leƙowa yana dariya. Ɗakin da Kawu ya tanadar wa su Inna na bulo ne, mai kusurwa huɗu, da kwanonsa sabo yana ƙyalli. Na duba gabas na duba yamma, a duk Bakin Kwalta babu bango ko ɗaya mai zagaye. Ba wanda ya yi wannan tunanin sai da aka iso. Masu ɗauka suka tsaya a tsakiyar fili, gumi na zuba, jinka na rawa a kafaɗunsu, sun rasa inda za su nufa. Ɗaya daga ciki, jikan liman, ya leƙo ta ƙarƙashin shuci.

"Baba, a ina za a sauke?"

Baba ya sami gindin wani bulo ya zauna, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya jingine sandar.

"Ku tambayi mai wurin," ya ce.

Suka juya wajen Kawu. Ya nuna musu bayan injin niƙa, inda ake ajiye tsofaffin tayoyi.